Yanke albashi saboda asarar kaya da korar jagoran ma'aikata: abin da doka ta ce

Wani mai masana'antar ruwan leda a Kano ya aiko da tambaya. Injinsa ya ƙone a hannun ma'aikatan dare, sai ya yanke wa kowannensu rabin albashin wata. Ma'aikatan sun shiga yajin aiki, shi kuma yana son ya kori wanda ya jagorance su.

Alhaji, gaskiyar magana ita ce yankan da ka yi ya saɓa wa doka, ko da kuwa sakacinsu ne ya jawo asarar. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya hana mai aiki cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Inda aka yi asara saboda ganganci ko sakaci, ana iya cire wani abu daidai gwargwado, amma sai an fara samun amincewar jami'in ƙwadago a rubuce, kuma jimillar abin da za a cire a wata guda ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin ba. Ka ga rabin da ka cire ya ƙetare iyaka ta fuska biyu. Shawarata ita ce ka mayar da kuɗin tun kafin maganar ta bar harabar masana'anta, sannan ka ba kowane ma'aikacin dare takardar tuhuma, ya amsa a rubuce, a kira makaniki ya duba injin ya faɗi musabbabin ƙonewarsa. Mai yiwuwa binciken ya gano cewa wutar lantarki ce ta yi ɓarnar.

Batun kora ya fi hatsari. Sashe na 11 ya ba ka damar sallamar ma'aikaci idan ka ba shi notis ko ka biya shi kuɗin wa'adin: mako guda ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Sai dai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon sauraron irin waɗannan ƙararraki ita kaɗai, ta sha yanke hukuncin cewa notis bai wadatar ba sai da dalili mai ƙarfi, kuma ƙorafi kan albashin da aka yanke ba bisa ƙa'ida ba zai yi wuya ya zama dalili a gabanta.

Idan zaman sulhu a cikin gida ya gagara, ka nemi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar ya shiga tsakani. Kafin ka je, ka tabbatar kowane ma'aikaci yana da takardar sharuɗɗan aikinsa, domin sashe na 7 ya wajabta bayar da ita cikin wata uku da fara aiki, kuma akwai yiwuwar ita za a fara tambayarka.