Amsoshin Tambayoyinku: Makarantar da 'ya'yan Zango suka fi yawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana aji uku a wata makarantar firamare ta gwamnati da ke unguwarmu, inda kusan duk ɗaliban 'ya'yan Zango ne da kuma 'ya'yan 'yan'uwanmu da suka zo daga arewa neman abinci. Maƙwabta suna ce mini makarantar da yaranmu suka cika ba ta fitar da ɗalibai masu ƙoƙari, don haka gara in mayar da ita makarantar kuɗi. Ni kuwa da sayar da koko da ƙosai nake riƙe gida. Shin gaskiya suka faɗa? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Maƙwabtanki sun ga alamar ciwo, amma ba su gano inda ya samo asali ba. Raunin karatu a ƙananan azuzuwa matsala ce ta ƙasa baki ɗaya. A gwajin karatu da aka yi wa 'yan aji biyu na makarantun gwamnati a faɗin Ghana a 2015, kusan biyu cikin ɗari ne kawai suka iya karatu ba tare da in'ina ba kuma suka fahimci abin da suka karanta. Wannan adadi ya haɗa da garuruwa da ƙauyukan da babu Zango ko ɗaya a cikinsu.

Duk da haka akwai wani nauyi da yaranmu suke ɗauke da shi wanda ba kowa ke kula da shi ba, wato harshe. Tsarin ilimi ya tanadi a koyar da yara da harshen gida tun daga ajin share fage har zuwa aji uku, daga aji huɗu kuma Turanci ya karɓi ragama. Sai dai harsunan da gwamnati ta daɗe tana buga littattafai da horar da malamai a kansu goma sha ɗaya ne, irin su Twi, Fante, Ga, Ewe da Dagbani, kuma Hausa ba ta cikinsu. A Kumasi, Twi na Asante ne harshen aji. Yaron da aka haifa a Aboabo ko Asawase yawanci yana jin Twi na titi da kasuwa, saboda haka yana iya lallaɓawa, amma wanda aka kawo daga Bawku bara, yana magana da Kusal ko Mosanci a gida, da Hausa a unguwa, sai ya zauna a aji malama tana bayani da Twi, littafin da ke gabansa kuma da Turanci. Irin wannan yaro yakan yi shiru a bayan aji, a ɗauka daƙiƙi ne, alhali da yamma a makarantar allo shi ne yake biya wa 'yan'uwansa hadda. A haɗa da wannan da yawan fashin zuwa makaranta, da tallan safe da ke sa yara su iso bayan an gama darasin farko, da shigar da yaro aji ɗaya yana ɗan shekara tara, za a ga dalilin da ya sa sakamakon makarantar yake ƙasa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake a jinin kowa.

Makarantar gwamnati kuma ba ta zaɓen ɗalibai, duk wanda ya zo sai ta karɓa. Wasu makarantun kuɗi suna da kyau ƙwarai, amma wasu suna tace waɗanda za su rubuta jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare da sunansu, su kuma ɗauki malaman da ba su yi kwalejin horar da malamai ba, sannan su rataya allon sakamako a bakin ƙofa.

Shawarata ita ce ki auna 'yarki kafin ki auna makarantar. Ki buɗe mata shafin da ba ta taɓa gani ba a littafin ajinsu, ki sa wani yayanta ya saurara, sannan ta faɗa muku da Hausa abin da labarin ya ƙunsa. Ki duba littattafan aikinta ki ga ko akwai jan biron malama, da kwanan watan da aka yi makin ƙarshe. Wata safiya bayan kin tashi daga ciniki, ki leƙa makarantar ba tare da sanarwa ba, ki ga ko malama tana aji, ki kuma tambayi yawan yaran da take koyarwa. Tun daga 2021 aka fara yi wa 'yan aji huɗu jarrabawar ƙasa ta bai ɗaya a Turanci da lissafi, kuma kina da haƙƙin tambayar hedimasta yadda makarantarsa ta yi. Idan yarinyar tana karatu kuma ana duba aikinta, ki bar ta, kuɗin da za ki kai makarantar kuɗi ki saya mata littattafan labarai da su. Idan kuwa har yanzu haɗa baƙaƙe yana gagarar ta, ki je ki zauna da malamarta a wannan zangon karatu, domin aji huɗu ba ya jira. In babu canji zuwa ƙarshen shekara, ki fara duba makarantun Islamiyya da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta Ghana (GES), wanda aka kafa a 1987, domin su ma gwamnati ce take biyan malamansu.

Tambaya: Malam, an ce firamare kyauta ce, to me ya sa ake aiko yara da takardar kuɗin jarrabawa? Daga wani uba a Tafo Zango.

Amsa: Alhaji, tun 2005 gwamnati ta soke kuɗin makaranta a matakin farko, ta maye gurbinsa da tallafin da take bai wa kowace makaranta gwargwadon yawan ɗalibanta. Kuɗin ba su da yawa kuma sukan makara, shi ya sa wasu makarantu suke neman iyaye su biya buga takardun jarrabawa. Ka nemi a nuna maka cewa taron iyaye da malamai ne ya amince da adadin, ka kuma karɓi rasit. Idan aka kori yaro daga aji saboda wannan kuɗi, ka kai ƙara ofishin ilimi na gundumarku.