Dandaƙar 'yan raguna a Legas: riba ce ko asara?

Wani ɗan'uwa mai kiwo a Agege ya aiko da tambaya. Ya sayo 'yan raguna 15 daga Arewa, Uda da Yankasa, masu wata huɗu zuwa biyar, yana son ya turke su har Babbar Sallah. Wani ya ce masa in ya dandaƙe su za su fi ƙiba, shi ne yake neman shawara kafin ya yi.

Alhaji, in dai don kasuwar layya ka sayo su, ka bar su yadda Allah ya halicce su.

Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, amma ƙiba iri biyu ce. Dandaƙaƙƙen rago kitse yake tarawa, wanda ba a taɓa ba kuwa tsoka yake ginawa, kuma ya fi saurin girma a kan abinci iri ɗaya. Kai da ke Legas, inda harawa da dusa sai an biya musu kuɗin mota, kowane buhu so kake ya zama nauyin da mai saye zai gani. Ga kuma ƙaho: in aka dandaƙe rago yana ƙarami, ƙahonsa ba ya yin kauri, wuyansa ba ya cika. Ka tsaya a kasuwar dabbobi ta Oko-Oba ko Kara ta Berger ana saura mako guda Sallah, ka lura da abin da masu saye ke dubawa. Bahaushe da Bayarabe mai neman ragon Ileya (Babbar Sallah da Yarbanci) duk ido ɗaya suke yi, ƙaho da ƙirji da tsayuwa. Ragon da ba shi da kwarjini, ko ya fi nauyi, a ciniki ƙasa ake taya shi.

Akwai kuma batun addini. Layya da dandaƙaƙƙe ta halatta, amma a mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ba a dandaƙe ba ya fi falala, sai in dandaƙaƙƙen ya fi shi ƙiba. Masu saye da yawa sun san haka, kuma suna dubawa.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarunsu. Zoben roba da ake ɗaure maraina da shi don dandaƙa, a makon farko na haihuwa ake sa shi. Naka sun wuce nan nesa, sai dai likitan dabbobi ya yi musu da Burdizzo, wani ƙarfe mai matse jijiyoyin maraina ba tare da yanka ba. Za su yi kwanaki ba sa cin abinci sosai, su rame, ka sake ciyar da su don su dawo inda suke. In kuwa wani ya yi musu fiɗiya da wuƙa a wannan laima ta Legas mai yawan ƙuda, ciwon na iya ruɓewa, ko tetanus, cutar da ke sandarar da jiki, ya shiga. Rago ɗaya ya mutu cikin 15, ribar biyu ko uku ta tafi.

Matsalar da za ka fuskanta ita ce karo da hawan tumaki, domin daga wata shida sun fara balaga. Maganinta turke ne: ka raba su da mata, ka ɗaure masu faɗa nesa da juna.

Inda zan yarda da dandaƙa shi ne in kana da mahauci ko mai balangu da ya yi maka alkawarin ɗauka duk wata, don shi nama mai maiƙo yake so, ba ruwansa da ƙaho. Ko a nan ma sai ga 'ya'yan da tumakinka suka haifa a gida, tun suna 'yan kwanaki. Waɗannan 15 ɗin dai, kuɗin likitan ka sa shi a allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki.