Kafin Ka Taɓa Salansa, Duba Ruwanta

Ɗana, jiya muna rufe gareji ka tsayar da ni a bakin rami ka ce, "Maigida, BMW ɗin nan mai ƙofa biyu da na tara kuɗi na saya, ni nake so in gyara abata da hannuna. Zan yanke salansa ta riƙa ruri, in rage sifirin ta kwanta ƙasa, in sa mata manyan rim. Da wanne zan fara?" Na ce ka bari sai na natsu, don an kira magariba, kuma maganar ba ta tsaye ba ce. To ga amsarka.

Kada ka fara da ko ɗaya cikin ukun nan. Ka fara da ruwa.

Na ji daɗi da ka ce da hannunka za ka yi. Shekara huɗu kana miƙo mini sifana, lokaci ya yi da za ka kwance abin da in ya lalace aljihunka ne zai ji. Amma ka san abin da ka saya tukuna. Motar nan samfurin E36 ce, wanda aka fara ƙerawa a 1990, masu ƙofa biyu kuma suka fito a 1992. Ta girme ka. Injinta M50 ne, lita 2.5, silinda shida a jere, bawul 24. Gangar jikin injin ƙarfe ne, amma tof silinda alminiyam ne, kuma nan maganar take. Ƙarfe yana jure zafi, alminiyam ba ya yafiya. Injin nan zai iya kai ka shekaru ba ka buɗe shi ba, sarƙa ce ma ke juya taimin ɗinsa, ba bel ba irin na yayarta E30 mai injin M20, wadda in bel ya tsinke fistin ke dukan bawul. Amma in allurar zafi ta shiga ja sau ɗaya ka ci gaba da taka totur, tof zai lanƙwashe ko ya tsage, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Daga nan kuɗin rim da na salansa gaba ɗaya ba za su fitar da kai ba.

Abin da ke riƙe ruwan motar nan kuwa, rabinsa roba ne. Kafaɗun lagireto roba, wuyan da tiyon sama ke shiga roba, tankin ruwa roba, fankar ma roba. Famfon ruwa na asali, fiffiken da ke cikinsa roba ne a yawancinsu. Robar da ta shekara talatin tana dahuwa tana hucewa ta zama kamar busasshiyar ƙwaryar da aka manta a rana, ido zai ga lafiya lau, hannu na matsawa ta fashe. Fiffiken famfon nan shi ya fi munafunci. Yana iya tsagewa ya saki sandar da ke juya shi, daga waje ka ga fuli na juyawa, fambel lafiya, babu ɗigon ruwa ko ɗaya a ƙasa, alhali ciki ruwa a tsaye yake ba ya zagayawa.

Wannan da kaina na gani, kuma laifina ne. Lokacin ban daɗe da buɗe garejina ba wani bawan Allah ya kawo mini irin wannan mota a watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, ya ce allura na ɗagawa in ya shiga cunkoson Kawo. Na yi abin da na ga ana yi, na cire tamostat na jefar, na cika ruwa, na bar ta tana aiki a tsaye, allura ta zauna. Na ce ya tafi. Washegari ya kama hanyar Zariya, bai wuce Jaji ba ta tafasa. Da muka jawo ta na kwance famfo, fiffiken ya faɗo a tafin hannuna gida biyu. Tof ya tafi. Mutumin bai zage ni ba, ya dai dube ni ya ce, "Ai na ɗauka ka duba." Na biya rabin kuɗin, amma kalmar nan har yau tana raina. Tun daga ranar ban ƙara cire wa kowa tamostat ba.

Na san a garejin da ke kusa da mu da wasu da yawa za ka ji ana cewa tamostat na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ruwanmu da shi. Al'ada ce da ta samo asali tun zamanin 504, wadda kamfanin Peugeot ya riƙa harhaɗawa a Kakuri, motar da yawancin iyayen gidanmu a garin nan suka koyi aiki a kanta. Ita kabireto gare ta, ba ta da kwamfuta, in an yi mata haka takan haƙura. Taka ba haka take ba. Kwamfutarta tana sauraron zafin ruwa, in ta ji injin bai ɗumi ba sai ta ƙara fetur, ta yi ta ƙarawa. Ka sha mai, fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Kuma tamostat ba shi ke kawo zafi ba, sai in ya maƙale a rufe, shi ma canja shi ake yi. Cire shi rufe bakin mara lafiya ne don kada a ji nishinsa.

To ranar Asabar ka zo da wuri, injin a sanyaye. Kada ka kuskura ka buɗe murfin ruwa da zafi, ruwan a matse yake, zai feso maka a fuska. Ka fara da fanka. Notinta na sifana 32 ne, kuma a juye aka yanka masa zare, wato ta hannun da ka saba ɗaurewa ta nan yake kwancewa. Yara da yawa sun yi ta ƙara matse shi suna zaton tsatsa ce. In ta fita ka riƙe ta ka duba gindin kowane fiffike da kyau, ƙaramar tsaga ta isa a jefar da ita, don in ta tarwatse a guje tana yanka tiyo ta huda lagireto. Ka juya kulochin fankar da hannu, ya kamata ka ji ɗan nauyi kamar kana juya cokali cikin zuma. In ya juya sakayau, ya mutu.

Famfon noti huɗu ke riƙe shi. In ka kwance su zai ƙi fitowa, kuma zuciyarka za ta ce ka sa sukundireba ka ɓanɓare. Kada ka yi, za ka ci fuskar alminiyam ɗin da yake zaune a kai. Duba gefensa biyu za ka ga ramuka masu zare, an yi su ne don wannan. Ka sa ƙananan kusoshi biyu masu kaurin milimita 6, ka ɗaura wannan kaɗan, ka ɗaura wancan kaɗan, famfon zai turo kansa waje a hankali. Ka sayi sabo mai kyau, mai fiffiken ƙarfe in ka samu, da sabon tamostat da gidansa na alminiyam, da tiyon sama da na ƙasa, da murfi. A Panteka za ka sami abubuwa da yawa na motar nan 'yan Beljiyam, kuma ƙarfe kamar hannun taya ko ƙofa ko fitila ban hana ka ba. Amma robar ruwa 'yar gwanjo sa'ar wadda ka cire ce, ita ma ta sha shekarunta a wata ƙasa. Nan araha ba ta ado.

Kada ka zuba mata ruwan rijiya ko na burtsatse. Farin dutsen da kake gani a gindin butar shayi shi zai taru a hanyoyin lagireto. Ka sa ruwan sanyaya inji na galan, ka haɗa da tataccen ruwa irin na batir, rabi da rabi. Sai fitar da iska, wanda shi ne inda masu gaggawa ke faɗuwa. Ka ɗaga gaban motar kaɗan, ka murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, ka sassauta ƙaramin sukurun da ke kusa da murfin, ka riƙa zubawa a hankali har ruwa ya fito ta nan babu kumfa. Sukurun ma roba ne, da yatsa biyu ake ɗaure shi. In ka tayar da inji hita ta busa maka iska mai zafi, allura kuma ta tsaya cak a tsakiya, ka yi daidai.

Bayan ruwa sai birki. Motar da ke da gudu irin wannan, tsayuwarta ta fi gudunta muhimmanci. Man birki yana shan laima daga iska, a daminar Kaduna kuwa ba a rasa laima, in ya sha sai ya tafasa da wuri, ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse. Duk shekara biyu ake juye shi, kuma na tabbata na cikin motarka ya yi baƙi kamar shayi. Ka sa man birki mai lambar DOT 4 daga sabuwar kwalba da ba a taɓa buɗewa ba. Ka fara da tayar baya ta dama, sai ta baya ta hagu, sai gaba dama, sai gaba hagu. Ka lanƙwasa kowane tiyon birki ka duba ko ya tsattsage. Kuma ina roƙonka, kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Ka zo kan rami, ko ka sa mata ƙafafun ƙarfe. Ban yarda da bulo ba.

Tayoyin da ke kanta na gan su, zanensu bai cinye ba, amma ka tsuguna ka karanta lambobi huɗun da ke gefe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2317 to mako na 23 a 2017 aka yi ta. Tayar da ta tsufa tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma motar nan da ƙafar baya take ja, ranar da aka yi yayyafi a kan baifas za ta nuna maka. Tayoyi huɗu masu kyau a kan rim ɗinta na asali sun fi duk wani ado da za ka yi mata. Manyan rim suna zuwa da siririyar taya, ramin farko zai lanƙwasa rim ko ya kumbura tayar.

Ƙasanta kuma ka bi robobi. Bushin na hannun tayar gaba in ya mutu sitiyari na rawa in ka taka birki. Na hannun baya in ya mutu za ka ji gindin motar na yawo da kansa. Ka buɗe but ka ɗaga kafet ka duba inda kan shokazoba na baya yake ɗaure, wurin yakan tsage a motocin nan, kuma akwai faranti na ƙarfe da ake ƙara masa, wannan gyara ne da na yarda da shi. Ka haska fitila inda gadon aksul na baya ya kama jikin mota, ka duba robar da ke haɗa giya da farfela. Ka zare kwayil ɗin fulogi shida ɗaya bayan ɗaya, in ka ga baƙin mai kwance a ramin, gaskit ɗin murfin sama ne, aikin yamma ɗaya ne.

Maganar yanke sifirin ban yarda ba sam. In ka yanke shi shokazoba ba shi da sauran wurin motsi, zai yi ta dukan ƙarshe har ya fashe, taya ta ci gefe ɗaya. Kwanon baƙin mai na injin nan alminiyam ne, ba ya loɓawa, fashewa yake yi. Ka tuna hanyar gidanku a Rigasa cikin watan Agusta, da tudun rage gudu nawa kake hawa kafin ka iso gareji. Haka filtar iska buɗaɗɗiya da samari ke sawa don ƙara: a hunturu ƙurar da ke rufe mana gilashi cikin dare ɗaya ita za ta riƙa shiga silinda, ga shi iskar da take zuƙa mai zafi ce ta cikin bonet. Ka bar akwatinta na asali, ka riƙa canja filta a kan kari.

Salansa ce kaɗai zan bar maka ƙofa, amma a ƙarshe. Yanke ta ba ya ƙara mata ƙarfin da za ka ji, sai dai ya tashi maƙwabta da asuba. In komai ya daidaita, ka nemi tukunyar baya mai kyau a ɗaura da walda mai tsabta, za ka ji muryar silinda shida yadda take, mai taushi a ƙasa, mai kaifi in ta hau. Ni ma ina son wannan murya, ba zan ɓoye maka ba.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba zan faɗa, don mahaifinka amana ya ba ni kai. Na san abin da ake yi da irin motocin nan ranar ɗaurin aure, ana juya su a tsakiyar titi yara na kewaye. Robar da ta shekara talatin ba ta san akwai yaro a gefe ba. In na ji an gan ka a ciki, ni da kai ne.

Ka kawo ta Asabar bayan sallar asuba, kada ka tayar da ita da yawa a hanya. Sifana 32 tana cikin akwatina na ƙasa, ka zo da bokiti da galan biyu na tataccen ruwa irin na batir. Kai za ka kwance, ni zan zauna a benci in duba.