Me Ya Sa Jijiyoyin Ƙafa Ke Tashi Tun Ciki Bai Yi Nauyi Ba?

'Yata, kin tambaye ni dalilin da ya sa muke ganin mata a ɗakin awo jijiyoyin sha-raɓarsu sun taso sun murɗe, alhali cikin bai wuce wata 3 ba. Tambayar ta dace, domin ungozomomi da yawa nauyin ciki kaɗai suke ɗora wa laifi.

Jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya suna da ƙananan marafai a cikinsu, waɗanda ke buɗewa jini ya haura, sannan su rufe kada ya koma ƙasa. Da zarar ciki ya shiga, wani sinadarin jikin mace mai suna furojestaron yana ƙaruwa, kuma yana sassauta bangon jijiya har ta buɗe. Kamar ƙofa ce da aka faɗaɗa bakinta ba a sauya ƙyauren ba, dole a sami giɓi. Ta giɓin nan jini ke zurarowa ya taru a ƙafa. Daga baya jinin jiki yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, mahaifa kuma ta danne manyan jijiyoyin mara, shi ya sa basir ke yawan biyowa. Furojestaron ɗin nan ne kuma ke sa wasu mata jin ƙafa ta yi nauyi gab da zuwan al'ada. Idan akwai gado, ko haihuwa ta yawaita, abin ya fi tsananta.

Ki ce wa mai cikin ta riƙa kwanciya ta gefen hagu, ta ɗora ƙafa kan matashi, ta rage doguwar tsayuwa, ta kuma sa safa mai matsewa da safe kafin ta sauko daga gado. Ba a gaggawar yi wa jijiyoyin tiyata alhali tana da ciki, domin yawanci kumburin yana raguwa cikin wata 3 bayan haihuwa. Kada ta yarda wanzami ya tsaga jijiyar ko ya kafa mata ƙaho.

Abin da ba na so ki yi sakaci da shi shi ne ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi tana ciwo, musamman a makonni 6 na farkon jego ko ga mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin. Wannan yana iya zama gudan jini a jijiyar da ke can cikin naman ƙafa, don haka kada ki murza ƙafar, ki tura ta wurin likita a ranar.