Dalilin da ya sa ake fifita kakar LSU ta 2019

Malam, ka tambaya me ya sa ake cewa kakar Jami'ar Jihar Louisiana, wato LSU, ta 2019 ta fi kowace a ƙwallon Amurka na jami'o'i, alhali Clemson ma ta ci wasa 15 ba faɗuwa a 2018. Amsar ita ce irin waɗanda LSU ta doke. Ƙungiyoyi bakwai da ke cikin goman farko a jerin gwanaye ta kayar, ciki har da: Alabama har gida da ci 46-41, Georgia 37-10, Oklahoma 63-28, sannan ita Clemson ɗin 42-25 a wasan ƙarshe a New Orleans ranar 13 ga Janairu 2020, lokacin Clemson ta jera wasa 29 ba a ci ta ba. Mai jefa ƙwallon LSU, Joe Burrow, ya yi jifa na yadi 5,671, sittin daga cikin jifansa sun kai ƙwallo gidan maki, ya kuma ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. Ja'Marr Chase da Justin Jefferson ne suka fi cafke masa.

Amma da sharaɗi: wannan fifiko na 'yan gaba ne. Bayansu yana yoyo, domin Texas da Vanderbilt kowace ta zura musu maki 38, Ole Miss 37. In tsaron baya kake aunawa, ƙungiyar Jami'ar Miami ta 2001 ta sha gabansu nesa ba kusa ba, don ba ta bari a ci ta ko maki goma a matsakaicin wasa ba.