Agogo na gudu: me mai gyara ke taɓawa a ciki?

Malam, ka ce agogonka marar batir yana ƙara minti biyu kullum, me ake gyarawa?

A ciki akwai ɗan wili mai kai da komowa, ɗaure da sifirin siriri kamar gashi. A kansa akwai ɗan hannu mai alamar + da −. In aka tura shi wajen +, sashen sifirin da ke motsi ya gajarta, agogo ya ƙara sauri; wajen − kuwa sai ya rage sauri, can ake tura na agogon da ke gudu. Turawar kaɗan ce ƙwarai, kada ka gwada da allura a gida.

Amma minti biyu ya yi yawa; a fara duba ko maganaɗisu ne ya kama sifirin.

Rolex na zamani ba shi da wannan hannu, ƙananan noti ake juyawa jikin wilin. Yawancin na jabu kuwa hannun suke da shi.