Da gaske an halatta wiwi a Amurka? Amsa ga ɗan'uwa a Kano

Malam, ka ce ana ta yaɗa wa a gida cewa a Amurka wiwi kamar goro ce, kowa na sha a titi. Rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa shi ke jefa mutanenmu cikin wahala.

Nan doka biyu ce: ta jiha da ta tarayya. Ta tarayya tun 1970 ta haramta tabar wiwi, kuma har gobe riƙe ta don shaƙatawa laifi ne a wurinta. Jihohi ne suka bi nasu hanyoyin. Kalifoniya ta fara yarda da ita don magani a 1996, sai Kolorado da Washinton suka buɗe ta ga duk mai shekara 21 zuwa sama a 2012. A Niyok, inda Hausawa suke da yawa, musamman unguwar Buronkis, dokar 2021 ta ba mai shekara 21 damar riƙe oza 3, kusan giram 85, ya kuma shuka ƙwaya 6 a gida. Amma ka sauka Teksas da oza 2 ko ƙasa da haka, kana iya shan ɗaurin kwana 180 da tarar dala 2,000. Ketare iyakar jiha da ita kuwa laifin tarayya ne, ko da duka jihohin biyu sun halatta.

Ta magani ma ba yadda ake zato ba ce. Likita ba ya rubuta ta kamar sauran magunguna. Shaida yake bayarwa cewa ciwonka na cikin waɗanda jihar ta amince da su, irin su farfaɗiya ko sankara, sannan ka saya a shago mai lasisi da kuɗinka, don inshora ba ta biya. A Jojiya kuwa tun 2015 da mai aka fara, ba ganye ba, kuma mai ƙarancin sinadarin da ke bugarwa.

Abin da ake fara faɗa wa baƙo a masallatanmu, bayan hukuncin addini da kowa ya sani, shi ne maganar takardu. Shige da fice aikin tarayya ne, ba ruwansu da dokar Niyok. Mai katin zama, wato girin kad, da ɗalibi, da mai bizar ziyara, idan jami'i ya tambaye shi ko ya taɓa sha ya ce e, wannan amsar kaɗai na iya hana shi shiga ko ta tsayar masa da neman zama ɗan ƙasa, ba tare da kotu ta taɓa kama shi da laifi ba. A 2019 hukumar shige da fice ta fito ƙarara ta ce hatta aiki a shagon wiwi mai lasisi yana iya ɓata wa mutum wannan neman. Shi ya sa duk kyawun albashi muke hana yaranmu marasa fasfon Amurka karɓar irin wannan aikin. Ƙarya ga jami'i kuma ta fi muni. Lauya ake gani kafin ranar ganawa.

Direbobin manyan motoci, waɗanda muke da su da yawa, gwajin fitsari ake musu bisa dokar tarayya, katin likita bai kare kowa ba, kuma mai sha kullum tana iya nunawa a jikinsa har wajen wata guda. Gidajen gwamnati masu tallafin tarayya ma an hana.

Iyaye mata kuwa alawar wiwi ce ke tayar musu da hankali. Ana yin ta kamar alawar yara, a leda mai launi, yawanci miligiram 10 na THC, wato sinadarin da ke bugarwa, a ƙwaya ɗaya, 100 a leda. Ba ta kama mutum nan take, takan ɗauki rabin awa zuwa awa 2, sai wanda bai sani ba ya ƙara. Don haka ake duba bayan leda, a nemi haruffan THC, kafin a ba yaro abin da ya kawo daga waje. Masu haɗa tsaraba ma su duba da kyau, don a filin jirgin Malam Aminu Kano, 'yan NDLEA ba su san wata dokar Niyok ba.